Ayrton Senna: Gwanin Tseren Mota da Ya Rasu a Imola

Yawancinmu mun fi tuna shekarar 1994 da zuwan Super Eagles gasar kofin duniya karo na farko. Amma mu tsirarun da ke bin tseren motoci na Formula 1, ranar 1 ga Mayu ta wannan shekara ce ba ta barin zukatanmu, ranar da Ayrton Senna ɗan Brazil ya rasu yana da shekara 34.

Sau uku ya zama zakaran duniya da motar McLaren: 1988, 1990 da 1991. Ya ci tsere 41. In ana ruwan sama, sauran direbobi na sassautawa, shi kuwa lokacin yake nuna bajintarsa. A 1991, a gaban mutanen garinsu São Paulo, giyarsa ta lalace, ya ƙarasa tseren da giya ta shida kaɗai, ya kuma zo na ɗaya. Don gajiya sai da aka taimaka masa ya fito daga motar.

Ba mu ce waliyyi ba ne. A Suzuka ta ƙasar Japan, a 1990, ya banke abokin hamayyarsa Alain Prost tun a kwanar farko, bayan shekara guda ya amsa cewa da gangan ya yi. Wannan ganganci ne da rayuka, ko masoyinsa ya san haka. Amma shi ne dai a 1992 ya tsayar da motarsa a Beljiyam, ya ruga a guje ya kai wa Érik Comas ɗauki bayan hatsari.

A Imola ta Italiya, abin ya fara ne ranar Asabar, da mutuwar Roland Ratzenberger ɗan Ostiriya. Likitan gasar, Sid Watkins, ya ba Senna shawarar ya haƙura da tsere, bai yarda ba. Da safiyar Lahadi ya zanta da wasu direbobi kan farfaɗo da ƙungiyarsu don neman a gyara tsaro. Da rana, a zagaye na bakwai, motarsa ta Williams ta ƙwace a kwanar Tamburello, ta daki katangar siminti da gudun da ya haura kilomita 200 a awa. A cikin tarkacen motar aka tsinci tutar Ostiriya a nannaɗe, wadda ya yi niyyar ɗagawa don Ratzenberger. Brazil ta yi makokin kwana uku.

Ƙungiyar da ya so a farfaɗo ta dawo aiki cikin mako biyu. Aka sauya fasalin Tamburello, aka ɗaga gefen mazaunin direba don kare kai, aka tsananta gwajin motoci. Shekara 20 aka yi ba a sake hatsarin da ya kashe direba a tseren Formula 1 ba, sai na Jules Bianchi a Suzuka a 2014.