Mehmed Uku Na Ƙasar Bosniya

Jama'a, duk sanda aka ambaci Bosniya, yaƙin 1992 zuwa 1995 muke tunawa. Amma ƙasar tana da mazaje tun kafin nan. Ga uku masu suna Mehmed, wato Muhammadu a bakin Turkawa, kamar yadda mu muke cewa Mamman.

Na farko Mehmed Pasha Sokolovic. Ɗan Kiristoci ne, Daular Usmaniyya ta ɗauke shi yana yaro, ya musulunta, ya hau har ya zama babban waziri daga 1565 zuwa 1579, ya yi wa sarakuna uku aiki. Bai manta gida ba: ya sa aka gina gada a kan kogin Drina a garin Visegrad. Abin takaici, a kan wannan gadar aka yi ta kashe Musulmi a 1992.

Na biyu Mehmed Spaho, jagoran jam'iyyar Musulmin Yugoslabiya. A 1921 ya goyi bayan tsarin mulkin da Belgrade ke so, da sharaɗin ba za a taɓa iyakokin Bosniya ba. An cika alkawarin na shekara 8, sannan sarki ya yanyanka ƙasar a 1929.

Na ukun shi ne ya fi tsaya min a rai: Malam Mehmed Handzic, wanda ya yi karatu a Azhar, har ya rubuta littafi da Larabci kan malaman Bosniya da mawaƙanta. A 1941 gwamnatin Ustasha, 'yar koren Hitila, tana karkashe Sabiyawa Kiristoci, tana kuma lallashin Musulmi su zama nata. Yin shiru ya fi sauƙi. Amma ƙungiyar malamai ta El-Hidaje, da Handzic a sahun gaba, ta jagoranci takardar da manyan Musulmin Sarayebo 108 suka sa wa hannu a watan Oktoba, suna la'antar kisan, suna neman a hukunta masu yi. Ku lura fa, ba 'yan addininsu ake kashewa ba, kuma masu bindigar ne ke mulkin garin.

Gadar ba ta hana zubar da jini ba, yarjejeniyar siyasa ta warware, amma takardar nan har yau hujja ce a hannun Musulmin Bosniya. Tambayata ga malamanmu da shugabanninmu: idan maƙwabcin da ba addininku ɗaya ba ne ake zalunta, wa zai fara sa hannu?

Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya.