Tukunyar Nukiliya ta Zariya: Yadda Aka Kafa Ta

A watan Fabrairun 1960 Faransa ta tayar da bom ɗin nukiliya a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, kuma hankalin mutanen Arewa ya tashi, domin daga hamada iskar hunturu ke busowa. Da gwaje-gwajen suka ci gaba, Najeriya ta yanke hulɗa da Faransa a farkon 1961. Da tsoro muka fara sanin nukiliya, shi ya sa nake jinjina wa malaman Jami'ar Ahmadu Bello da suka dage cewa wannan ilimi namu ne mu ma.

A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa dokar hukumar makamashin nukiliya, daga baya aka buɗe cibiyoyin bincike biyu, ɗaya a Ile-Ife, ɗaya a Zariya, wato CERT. An tura matasa karatu waje, suka dawo suka yi ta koyarwa da 'yan kayan aikin da suka samu. Shekarun matsin tattalin arziki sun jinkirta komai, amma ba su watse ba.

Haƙurinsu ya biya ranar 3 ga Fabrairu, 2004, lokacin da tukunyar NIRR-1, ƙirar ƙasar Sin, ta fara aiki da tallafin hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA. Ƙarfinta a lokacin kimanin kilowat 30 ne kacal, zuciyarta ba ta fi ƙaramin bokiti ba, tana nutse a ƙasan tafkin ruwa. Ba wutar lantarki take bayarwa ba. Ana ɗaukar ɗan ƙurar ƙasa ko garin hatsi, a rufe a kwalbar roba, a tura ta bututu zuwa cikin tukunyar, ta dawo a auna haskenta, a gane sinadarai da dama da ke ciki. A 2018 ma'aikatan cibiyar, irin su Farfesa Sunday Jonah, suka sauya mata makamashi zuwa yuraniyom mara ƙarfi, aka mayar da tsohon makamashin zuwa Sin lami lafiya.

Mu mutanen Haɗeja muna da buƙata a nan. Tun da aka gina dam ɗin Tiga da na Challawa, ruwan fadamarmu ya sauya, manoman shinkafa da alkama kuma suna zuba taki da maganin feshi ba tare da sanin abin da ke taruwa a ƙasar ba. Ya kamata gwamnatin Jigawa ta riƙa aika samfurin ƙasa da ruwan rijiyoyinmu Zariya duk shekara, ta kuma ɗauki nauyin ɗalibanmu su je can su koyi aikin.