Yadda Waƙar Coci Ta Koyi Hausa

Wanda ya tashi neman waƙar Kirista mai ra'ayin sauyi a yammacin Zamfara ya shigo ƙasar da ba a yi wa kunne wayo. Ɗan ƙasar Bakura ne Musa Ɗanƙwairo, a gidansu ya gaji kiɗa, a fadar Maradun ya yi suna, ya rasu a 1991 bayan muryarsa ta kai duk inda ake jin Hausa. Sa'idu Faru kuwa daga Faru ta ƙasar Maradun ya fito, ubangidansa Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo ya daɗe yana riƙe da Talata Mafara kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Mutanen da suka girma da irin waɗannan muryoyi sun san abin da ake kira waƙa: jagora ya jefa ɗa, 'yan amshi su karɓa, kotso ya yi magana, kowace kalma ta zauna daram a kan karinta.

Waƙar coci ta iso ƙasar Hausa ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Tarihinta na shekara ɗari da ɗoriya labari ne na yadda ta same su, da waɗanda suka sama mata su, da abin da ya rage mata.

Kalmar sauyi tana da nata tarihi a Arewa. Tun daga kafa NEPU a Kano a watan Agustan 1950 zuwa PRP ta 1978, ɗan sauyi shi ne mai neman talaka ya sami bakin magana a gaban masu iko. Da wannan mudun, tambayoyi uku ake yi wa waƙar addini: da harshen wa take tafiya, wa aka yarje wa ya tsara ta, kuma kukan wa take ɗauka.

Baƙuwa a bakin ƙofa

A 1900 wata tawagar mishan ta CMS ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell ta isa Kano, Sarki Aliyu Babba ya sallame ta ba tare da ya ba ta wurin zama ba. A cikin tawagar akwai matashin likita Walter Miller, wanda ya zauna a birnin Zariya daga 1905, kafin a mayar da aikin Wusasa a ƙarshen shekarun 1920. A Maris ɗin 1903, bayan cin Sakkwato, Lugard ya yi alkawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addinin Musulunci ba, kuma bisa wannan alkawari jami'an mulkin mallaka suka daɗe suna tsare 'yan mishan daga masarautu.

Sai ƙungiyoyin suka karkata kudu da gabas. SIM, wadda ta faro a 1893, da SUM, wadda ta shigo a 1904, sun bazu a Filato da kudancin Zariya da kwarin Binuwai, inda harsuna suka yi yawa har ba a iya fassara wa kowa da nasa. Mafitar da suka zaɓa ita ce Hausa, harshen kasuwa da barikin soja da ma'adinan kuza. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aka kuma tattara waƙoƙin sujada cikin Littafin Waƙoƙi. Ta haka aka wayi gari mafi yawan masu yabon Allah da Hausa a coci ba Hausawa ba ne a haihuwa.

Lardin Sakkwato ya karɓi wannan baƙuwa a makare, kuma ta bayan gida. Layin dogo ya ratsa Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929, ya kawo akawuna da ma'aikata da 'yan kasuwar gyaɗa da auduga. A ƙarshen shekarun 1930 aka bar SIM ta kama aikin jinyar kutare a Amanawa kusa da Sakkwato, kamar yadda aka yi a Yadakunya ta Kano da Babbar Ruga ta Katsina. Limaman Katolika na ɗarikar Dominikan daga Amurka sun zauna a Gusau a shekarun 1950, Sakkwato ta zama cikakken dayosis a 1964. Aikin madatsar Bakolori a shekarun 1970, da makarantu irin su kwalejin fasaha ta Abdu Gusau daga baya, sun jawo ma'aikata da ɗalibai daga Zuru da kudancin Kaduna da Filato da kudancin Nijeriya. Majami'un wannan yanki galibi na masu zuwa neman abinci da ilimi ne, kowa ya zo da waƙarsa a ka.

Kari ya saɓa wa kalma

Yawancin abin da ke cikin Littafin Waƙoƙi fassarar waƙoƙin Ingila da Amurka ne, an riƙe karinsu na asali an ɗora masa kalmomin Hausa. A nan gizo ya yi saƙa. Waƙar Ingilishi tana tafiya ne bisa dannawar murya a kan wata gaɓa. Hausa kuwa abu biyu take aunawa. Na farko nauyin gaɓa: jan wasali shi kaɗai ya raba dafa abinci da dafa kafaɗa. Na biyu karin sauti: hawa da saukar murya su suka raba wuyan jiki da wuyar rayuwa. Makaɗin fada ba ya bukatar a karanta masa wannan a aji, kunnensa ke hana shi karya kalma. Karin da aka tsara a Landan kuwa bai san da zaman dokar ba, sai ya ja gaɓar da ya kamata ta gajarta, ya ɗaga murya inda harshe ke son sauka. Ma'ana takan tsira saboda mahallin zance, amma kunnen Bahaushe yana jin cewa baƙo ne ke magana.

Sannan ga maganar ganga. 'Yan mishan da yawa sun ɗauke ta kayan bori da tsafi da roƙo, suka hana ta shiga ɗakin sujada. Sababbin masu bi na fari ma sun goyi bayan haka, don suna son a ga sun rabu da tsohuwar rayuwa. A ƙasar Musulmi kuma akwai ƙarin dalili: makaɗi ba shi da babban matsayi a idon malamai, ƙaramar jama'a mai neman a ɗauke ta da mutunci ba ta so a kira ibadarta wasa. Sai aka tsaya ga murya zalla, ko ƙaramin akwatin kiɗa mai famfon iska inda aka same shi.

Ba a raina wannan gado ba. Tsofaffi sun haddace waƙoƙin, da su ake binne iyaye har yau, kuma su suka koya wa dubban mutane karatun boko. Sai dai makaranta da asibiti sun yi gaba sun bar waƙa a baya. Wusasa ta fitar da Dakta R.A.B. Dikko, likitan farko daga Arewa, wanda ya zama shugaban Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1949, a lokacin da sujadar Lahadi a mafi yawan majami'u ke tafiya da karin Turai.

Tulu ya shiga ɗakin sujada

Sauyin bai fito daga mumbari ba. Ƙungiyar Zumuntar Mata, wadda ta samo tushe a majami'un mishan na Filato tun wajajen shekarun 1930, ta fara ne da taimakon juna: duba mai jego, gaida marar lafiya, zaman makoki, koyon karatu. Matan ba su da izinin wa'azi, da yawansu ma ba su iya karanta littafin waƙa ba. Abin da suke da shi shi ne karin daka da niƙa da raino da biki. A kansa suka ɗora labaran Littafi Mai Tsarki da nasihar zaman gida, ɗaya ta ba da waƙa sauran su amsa. Kayan kiɗansu ma na tsakar gida ne, tulun ƙasa da caki da ƙuge, abubuwan da ba a iya cewa daga ɗakin tsafi aka ɗauko su. Da tulu ya sami wuri, ganga ba ta daɗe a waje ba.

Wannan shi ne juyi mafi girma a tarihin waƙar Kirista ta Hausa, kuma waɗanda ba su da kujera a majalisar dattawa ne suka yi shi. Waƙarsu ta kai inda huɗuba ke tsoron zuwa: mijin da ke shanye kuɗin cefane, gwauruwar da dangin miji suka kwashe mata kaya, marayan da aka cire daga makaranta, gulma da ƙabilanci a cikin ekklisiya kanta. Mace ba ta iya tsayawa ta faɗa wa dattijo laifinsa, amma mata talatin cikin zane iri ɗaya suna iya rera masa shi yana zaune a sahun gaba.

Shekarun 1960 sun ƙara wa tafiyar gudu. ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954, tarayyar TEKAN a 1955, jagoranci ya soma komawa hannun 'yan ƙasa. Yunƙurin Sabon Rai Don Kowa, wanda ya taso daga Jos a farkon shekarun 1960, ya haifar da ƙungiyoyin mawaƙa masu ganguna da ke zagaya ƙauyuka da kasuwanni. A ɓangaren Katolika, Majalisar Batikan ta Biyu ta zartar a Disambar 1963 cewa ana iya yin sujada da harsunan jama'a, a kuma girmama kiɗan gargajiyar ƙasashen mishan. Rediyo ya ɗauki sauran aikin: tashar ELWA ta Laberiya, wadda ta fara a 1954, da Muryar Bishara da ake shiryawa a Jos ana watsawa daga Adis Ababa tun daga shekarun 1960 har gwamnatin sojan Habasha ta ƙwace tashar a 1977. Daga nan kaset ya karɓa. Ma'aikacin Bakolori ɗan Kagoro ko Langtang yana iya jin muryar gida a ɗakinsa na haya.

Tambaya ta uku

Harshe ya daidaita, izinin tsarawa ya faɗaɗa. Saura kukan wa waƙar ke ɗauka. A wasu ƙasashe waƙar coci ta fita titi. Waƙar da Enoch Sontonga, malamin makarantar mishan, ya tsara a 1897 ta zama taken masu yaƙi da wariyar launin fata, yau tana cikin taken Afirka ta Kudu. A Amurka, Mahalia Jackson ta rera waƙar bishara a gangamin Washington na 28 ga Agustan 1963, ranar da Martin Luther King ya yi shahararren jawabinsa.

A Arewa hanyar ta fi ƙunci. Zamanin situdiyo ya fitar da gwanaye irin su Panam Percy Paul da Jeremiah Gyang da Solomon Lange, waɗanda suka kai yabo da Hausa har majami'un Legas inda ba a jin harshen. Amma kasuwar waƙa ta fi son godiya da nasara da buɗi fiye da zancen zalunci. Ga kuma halin marar rinjaye. A Zamfara, inda dokokin Shari'a suka fara aiki a Janairun 2000, inda kuma mutum 8 suka rasa rayukansu a Talata Mafara a Agustan 2016 cikin tarzomar da ta biyo bayan zargin ɓatanci da aka yi wa wani ɗalibi, mai tsara waƙa yana auna kowace kalma kafin ta fita ta taga. Wanda ke zaman haya ba ya ɗaga murya kamar mai gida.

Duk da haka mata ne suka sake nuna hanya. Bayan sace 'yan mata 276 a Chibok a Afrilun 2014, waɗanda akasarinsu 'ya'yan ekklisiyar EYN ne, mawaƙan Zumuntar Matan wannan ekklisiya sun zagaya Amurka a 2015 da gangunansu da tulunansu. EYN ta gaji aƙidar ƙin ramuwa da makami daga ɗarikar da ta kafa ta a Garkiɗa a 1923, kuma da wannan aƙida matan suka kai kukansu duniya.

Irin wannan kuka ba baƙo ba ne a yammacin Zamfara. Manoman Bakolori da suka nemi diyyar gonakinsu sun gamu da harsashin 'yan sanda a Afrilun 1980. A Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe ta ƙaramar hukumar Talata Mafara, a Agusta aka auka wa kwalejin aikin gona ta Bakura, a Satumba aka ɗauke ɗaliban Kaya ta Maradun. Iyayen waɗannan yara galibi Musulmi ne, kuma daren da suka kwana ido biyu bai bambanta da na iyayen Chibok ba.

Mai neman waƙar Kirista mai ra'ayin sauyi zai fi dacewa idan ya fara daga taron Zumunta na tsakiyar mako da gidan makoki, kafin ya duba YouTube. A can ake tsara waƙar da ba ta da sunan mai ita, cikin harshen da maƙwabcin bayan katanga yake ji sarai. Wannan shi ne ribar shekara ɗari na koyon Hausa, shi ne kuma nauyinta, domin waƙar da maƙwabci ke fahimta ba ta da uzurin mantawa da shi. Zabura cike take da kukan wanda aka zalunta, kuma karin da zai ɗauki wannan kuka yana hannu. Mudun da ya rage a auna waƙar da shi shi ne ko uwar Jangebe, in ta jiyo ta daga tsallaken hanya, za ta gane cewa har da 'yarta ake yi.