Wa Zai Biya Idan Jirgi Ya Kife? Daga Mashigin Dakko Zuwa Madatsar Bakolori

Waɗanda suka saba da alƙalamina sun san ni da labarin soyayya da kishi da rikicin gidan miji, to yau ku yi mini afuwa zan ɗan ratse. Ina cikin rubuta wani sabon littafi ne, inda uban yarinyar ya yi asarar dukiyarsa a cikin ruwa, sai na tsaya cak, domin ban san hukuncin da zan sa a bakin alƙali ba. Shin mai jirgi ne zai biya, ko mai kaya ne zai rungumi ƙaddara? Neman amsar wannan tambaya ya mayar da ni Dakko, garin kakannina na wajen uwa a ƙasar Bakura, daga can kuma ya ja ni zuwa wani tarihi da ban yi niyyar shiga ba.

Ina aji ɗaya a sakandare aka kai ni hutu Dakko da damina. Kawuna ɗan kasuwa ne mai sayen shinkafa shanshera a ƙauyuka, ya kai kasuwar Talatar Mafara. Wata Litinin da yamma ya dawo gida jiƙe sharkaf, babu hula babu takalmi. Kwale-kwalen da ya ɗauko shi da buhunansa ya kife a tsakiyar gulbi. Allah Ya sa ba a rasa rai ba, amma shinkafa ta tafi, kuma rabin kuɗin ma na mutane ne. Kwana biyu aka yi ana ka-ce-na-ce, kafin dattawa su ce a je wurin liman ya raba gardama.

Na sake tambayarsa labarin a bara ta waya, yanzu ya tsufa amma bai manta komai ba. Ya ce, “Ɗiyata, da munka zauna, Malam tambaya ukku yay yi. Kana cikin jirgin? Nac ce ina ciki. Iska ta ko ganganci? Mutane sunka ce iska ta taso. Wa yas sa anka ƙara buhu biyu bisa? Nan nay yi shiru, don ni na matsa mai.” Hukuncin da aka yanke shi ne, mai fito ba zai biya ko ƙwayar shinkafa ba, amma shi ma ba shi da haƙƙin kuɗin fito ko kwabo, har abin da ya karɓa tun a bakin ruwa sai da ya mayar.

A lokacin na ɗauka sulhu ne irin na dattawa, a raba asara kowa ya ɗanɗana. Ashe doka ce rubutacciya wadda ta haura shekara dubu. Tana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996, littafin da ake karantawa a zaurukanmu har gobe. A mazhabar Malikiyya mai jirgi amintacce ne, ba ya lamunin kayan da ruwa ya ci matuƙar ba sakacinsa ba ne, sai dai ba a biyan shi lada sai ya kai kaya gaci. Malamai sun fi tsanantawa a kan masu dakon abinci, saboda hannu na saurin kai wa gare shi, shi ya sa liman ya fara da tambayar ko mai kaya yana ciki. Sun kuma yi maganar ranar da jirgi ya yi nauyi har aka jefar da kayan wani don a tsira: asarar ba ta mutum ɗaya ba ce, ana raba ta a kan dukkan kayan fataucin da ke cikin jirgin. Abin da ya burge ni shi ne, mai fito da ɗan kasuwa duk sun san wannan doka tun kafin su shiga ruwa, ko da ba su iya karanta ta ba.

To amma ruwan da ya ci shinkafar kawu ba a Dakko ya tsaya ba. Gulbin Sakkwato yana gangarawa ya haɗu da Rima, su tafi tare ta ƙasar Kabi su faɗa kogin Kwara. A kan Kwara ɗin ne kuma wata irin doka ta daban ta shigo mana, wato dokar kamfani.

A shekarar 1885 manyan ƙasashen Turai suka sa hannu a birnin Balin cewa kogin Kwara a buɗe yake ga jiragen kowa. A wannan shekarar ce wani Bature mai suna Joseph Thomson ya iso da takardu a madadin kamfanin George Goldie, ya ƙulla yarjejeniya da Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba da kuma Sarkin Gwandu. A fahimtar fada, an ba baƙin fatake izinin ciniki ne, su kuma za su riƙa kawo kuɗin wuri duk shekara kamar gaisuwa. Amma takardar da aka kai Ingila cewa ta yi an sallama wa kamfani haƙƙi a kan gaɓar koguna. Da irin waɗannan takardu aka samu izinin Sarauniya a 1886, kamfanin ya zama Royal Niger Company, mai soja da kotu da ikon karɓar haraji. A rubuce an hana shi yin babakere a kasuwa. A aikace kuwa sai ya ɗora lasisi mai tsada da kuɗin fito mai nauyi a kan duk wanda ba shi ba. Ku lura da kalmar nan, kuɗin fito. Asalinta ladan mai ƙetarar da kai ruwa ne, amma yau in ka faɗe ta hankalin mutum kan jami'in kwastan yake tafiya.

Mutanen Brass da ke can bakin teku, waɗanda kakanninsu suka rayu da fataucin manja a kwale-kwale, sai aka wayi gari doka ta mayar da su baƙi kuma 'yan fasa-ƙwauri a kogin da suka gada. A watan Janairun 1895 suka far wa ma'ajiyar kamfanin a Akassa ƙarƙashin sarkinsu Koko, Ingila kuma ta aiko da jiragen yaƙi aka ƙone garinsu. Da gwamnatin Ingila ta karɓe mulki daga hannun kamfanin ranar 1 ga Janairun 1900 a Lakwaja, sai ta biya fam 865,000, ta kuma ba shi rabin kuɗin ma'adinai na wani babban yanki na Arewa har tsawon shekara 99. Wanda ya hana mutane ciniki shi aka yi wa lissafin diyya dalla-dalla. Kamfanin bai mutu ba, Lever Brothers suka saye shi a 1920, daga baya ya narke cikin UAC a 1929.

Wani zai ce wannan ai labarin Turawan mulkin mallaka ne, me ya haɗa shi da Bakura? To ga namu na gida.

A 1969 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ba da shawarar a gina madatsar ruwa madaidaiciya a Bakolori. Amma da kuɗin man fetur suka shigo sai aikin ya kumbura. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya, wanda ke ƙarƙashin Fiat, yana cikin waɗanda suka yi nazarin aikin, shi ne kuma ya samu kwangilar ginawa. Ni ba lauya ba ce, iyakata sakandare, amma ko a kasuwar Rimi ba a tambayar tela yadi nawa ya kamata a saya in shi ke sayar da yadin. An fara aiki a 1974, aka kammala madatsar a 1978, tafkinta ya shafe kimanin kadada 8,000, ya tashi mutane wajen 13,000, akasarinsu a ƙasar Maradun. A ƙasan madatsar kuma, tsakanin Talatar Mafara da Bakura, aka karɓe gonaki domin a baje su a haƙa hanyoyin ruwa, da alƙawarin za a mayar wa kowa tasa.

A nan ne doka ta nuna fuska biyu. Kamfani yana da kwangila a rubuce da hukumar kogin Sakkwato da Rima, an faɗi abin da za a biya shi da lokacin biya. Manomi kuwa gonarsa ta gado ce, shaidarsa maƙwabci da mai unguwa. Tun dokar ƙasa ta 1910 da ta 1962 an riga an ce ƙasar Arewa tana hannun gwamnati, sai kuma dokar mallakar ƙasa ta watan Maris 1978, zamanin Janar Obasanjo, ta danƙa ta ga gwamnan kowace jiha. A ƙarƙashinta ba a biyan kuɗin ƙasar kanta, sai abin da ke kanta, kamar gini da shuka da itatuwa. To ina lissafin damina biyu ko uku da mutum ya zauna bai yi noma ba yana jiran katafila ta gama? Ina lissafin masu fadama na can ƙasa, waɗanda ambaliyar da ke shayar da shinkafarsu ta daina zuwa, da masuntan da kifi ya yi wa ƙaranci? Su ko a cikin takarda babu su, domin ba a taɓa gonarsu da hannu ba, ruwa kawai aka tare.

Daga 1979 manoma suka fara tare hanyoyin aiki suna neman diyya. Aka yi ta alƙawari ana saɓawa, har zuwa ƙarshen watan Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, inda 'yan sandan kwantar da tarzoma suka shiga Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye da bindiga. Adadin da gwamnati ta amsa bai kai talatin ba, wasu masu bincike kuwa sun rubuta mutum 386. Ban isa in raba wannan gardama ba, amma na san a gidajen yankin nan har yau in aka ambaci shekarar dam sai tsofaffi su rage murya. Masana irin su Bjorn Beckman da Okello Oculi sun yi rubutu a kai da Turanci. Mu marubutan Hausa, har da ni, mun cika kantuna da labarin Alhaji da amarya, wannan kuwa mun bar shi a bakin tsofaffi.

Bari in dawo kan mai kwale-kwale, tun da shi ya tayar da zancen. A yau dokar ruwa tana hannun hukumar NIWA ta tarayya, wadda aka kafa a 1997, hedikwatarta kuma tana Lakwaja, garin da aka sauke tutar kamfanin Goldie. Masu jirage a Legas sun daɗe suna kukan ana karɓar haraji a hannunsu sau biyu, tarayya ta karɓa jiha ta karɓa, har magana ta kai Kotun Ƙoli, wadda ta yanke a watan Janairun 2024 cewa ikon na tarayya ne. Akwai kuma ƙa'idojin sufurin ruwa na 2023 da suka hana tafiyar dare da lodi fiye da kima, suka wajabta rigar ceto. Duk da haka a watan Satumban 2024 kwale-kwale ya kife a Gummi da manoma masu zuwa gona, aka yi asarar rayuka wajen arba'in. Mai fito na ƙauye ba shi da rajistar kamfani, ba shi da inshora, ba ya rubuta sunan fasinja balle adadin buhu. In kaya suka nutse ka kai shi kotu, me za ka karɓa? Jirgin ne dukiyarsa, shi ma yana ƙarƙashin ruwa.

Na tambayi kawu ko yanzu da za a maimaita abin da ya same shi zai je kotu. Ya yi dariya har da tari, ya ce, “Kotu da wace takarda, ɗiyata? Wanga yaro da ka fito yanzu jikan wancan na. In ya kai ka, ka ba shi. In bai kai ka ba, ku tai wurin liman.” Na ce to kuɗin mutanen da ke cikin shinkafar fa? Ya ce shekara biyu ya yi yana biya, da kaɗan-kaɗan, wani kuma ya yafe mashi nashi ranar sunan ɗiyarsa ta fari.

A littafin nawa dai na fasa kai uban yarinyar gaban alƙali. Na kai shi zauren liman, na sa masa buhu biyun nan a kan lodi.