Kerberos da matsalar shiga ma'ajiyar fayiloli ta haɗin gwiwa

Kerberos tsari ne na tantance mai amfani da kwamfuta ta hanyar ba shi tikiti mai wa'adi, maimakon ya riƙa tura kalmar sirri kowane lokaci. An ƙirƙiro shi a jami'ar MIT ta Amurka a shekarun 1980, an fitar da ƙa'idojin siga ta 5 a 1993, sannan Microsoft ya ɗora Windows 2000 a kansa. Da shi ma'ajiyar fayiloli ta SMB da NFS kan gane wanda ke neman shiga.

In ƙofa ta ƙi buɗewa, agogo ake fara dubawa. A bisa al'ada, idan agogon kwamfuta ya saɓa da na uwar garke da fiye da minti 5, ba a karɓar tikitin. Wannan kan dami ofisoshi a garuruwan da wuta ke yawan ɗaukewa: kwamfutar da ƙaramin batirin agogonta ya mutu kan farka da tsohon kwanan wata, mai ita kuma ya ɗora wa kalmar sirrinsa laifi, alhali ba ruwanta. Maganin shi ne a ɗaure agogon da NTP, tsarin daidaita agogon kwamfuta.

Sai kuma suna. Tikiti na ɗauke da sunan uwar garke, don haka in aka kira ta da lambar IP, Windows kan koma tsohon tsarin NTLM. Umarnin klist na nuna tikitin da ke hannu, kinit kuma na karɓo sabo. A Active Directory, tsarin Microsoft na kula da masu amfani da kwamfuta, wa'adin tikiti awa 10 ne in ba a canza ba.