Wayar da ta Riga Zamaninta

A watan Agustan 1994 wata waya mai suna Simon, ƙirar kamfanin IBM, ta shiga kasuwar Amurka. Ba ta da madannan lamba. Fuskarta allo ne da ake taɓawa da yatsa ko da ɗan tsinke. Tana aika imel da faks, tana ɗauke da kalanda da littafin adireshi da kalkuleta. Duk mai riƙe da wayar komai-da-ruwanka a yau zai gane ta da kallo ɗaya. Amma ko shekara ba ta cika ba aka janye ta, bayan an sayar da kimanin guda 50,000. Sai a 2007, bayan shekara 13, wannan tunani ya dawo da sunan iPhone ya mamaye duniya. To, me aka tsaya jira?

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wayar zamani mahaɗa ce ta fasahohi huɗu, kowacce da tarihinta, kuma a 1994 babu wadda ta nuna a cikinsu.

Na farko batir. Tun ranar 3 ga Afrilun 1973, da Martin Cooper na kamfanin Motorola ya tsaya a bakin titi a New York ya yi kiran farko da wayar hannu, wuta ce babbar matsala. Wayar da Motorola ya fitar shekara goma bayan haka a kan dala 3,995 sai ta sha cajin kusan awa goma kafin a samu hirar minti talatin. Batirin Simon ma awa guda yake yi ya mutu. Kamfanin Sony na Japan ya fara sayar da batirin litiyom a 1991, mai sauƙin nauyi da riƙe wuta, sai dai ya ɗauki shekaru kafin ya yi arha ya shiga kowace waya.

Na biyu hanyar sadarwa. Simon ta hau tsohon layin da aka gina domin murya kawai. Tsarin GSM, wanda ke mayar da murya lambobi, a Finland ya fara aiki a 1991, kuma layin 3G mai iya ɗaukar hoto da shafukan intanet sai a 2001 Japan ta buɗe shi. Ita kanta intanet ɗin a 1994 jaririya ce. Mai Simon ya sayi doki alhali ba a share hanya ba.

Na uku ƙwaƙwalwa. Ma'ajiyar aikin Simon megabait ɗaya ce, abin da hoto guda na wayar yau ya fi shi girma. Mafita ta fito daga Cambridge ta Ingila, inda kamfanin ARM, wanda aka kafa a 1990, ya ƙware wajen zana ƙwaƙwalwar da ba ta cin wuta. ARM ba ya ƙera komai da kansa. Zanen yake sayarwa, wasu su ƙera, kuma kusan kowace wayar da ke aljihun mutane a yau a kan zanensa take.

Na huɗu allo. Na Simon baƙi da fari ne, kuma sai an danna shi yake ji. Na iPhone kuwa wutar da ke jikin ɗan Adam yake ji, don haka shafa kawai ta isa, kuma yana gane yatsu biyu a lokaci guda. Daga nan aka samu buɗa hoto da tsuke shi da yatsa.

A tsakanin waɗannan shekaru kasuwa ba ta zauna haka nan ba. Nokia ta Finland ta fitar da Communicator a 1996, waya mai buɗewa kamar littafi da madannan rubutu a ciki. BlackBerry ta Kanada ta sa imel a aljihun ma'aikata da 'yan siyasa, kuma da yawa daga cikinmu na tuna lokacin da musayar lambar BBM ta zama alamar wayewa. Zuwa 2007 kusan waya huɗu cikin kowace goma da ake sayarwa a duniya ta Nokia ce.

Ranar 9 ga Janairun 2007 Steve Jobs ya nuna iPhone a San Francisco. Apple bai ƙirƙiro batirin ba, bai ƙirƙiro layin ba, bai zana tushen ƙwaƙwalwar ba. Ya zo ne lokacin da suka nuna, ya haɗa su da kyau. Ko ita iPhone ta farko ba ta da 3G, kuma ba a iya ɗora mata manhajar wani. Juyin gaske a 2008 ya faru. A watan Yuli Apple ya buɗe App Store da manhajoji kusan 500, a watan Oktoba kuma wayar Android ta farko, ƙirar HTC ta Taiwan, ta shiga kasuwa. Daga nan darajar waya ta koma kan abin da za a iya ɗora mata.

Kiɗa ya canza, amma manyan kasuwa ba su canza rawa da wuri ba. Masu rubuta manhaja sun bi Apple da Google, masu saye suka bi manhaja. Nokia ta rungumi tsarin Windows a 2011, bai fisshe ta ba, a 2014 sashen wayoyinta ya koma hannun Microsoft. BlackBerry ta daina ƙera waya da kanta a 2016.

Yadda wayar ta iso gare mu ya samo asali ne daga wata shawara ta Google: ya bar Android kyauta ga duk mai son ƙera waya. Da aka haɗa wannan da ƙwaƙwalwa mai arha ta kamfanin MediaTek na Taiwan, masana'antun Shenzhen a China suka samu abin yi. A Najeriya, inda layukan waya ba su kai rabin miliyan ba kafin zuwan GSM a 2001, kamfanin Transsion mai Tecno da Infinix da itel ya lura da abin da manya suka raina: gurbin layi biyu saboda sabis ba shi da tabbas, batir mai jure rashin wuta, da kyamarar da ke fito da baƙar fata yadda take.

Sai dai kyautar tana da igiya. A 2019 gwamnatin Amurka ta sa Huawei cikin jerin kamfanonin da aka taƙaita hulɗa da su, sabbin wayoyinsa suka rasa Play Store da Gmail da taswirar Google. Kamfanin da ke cikin manyan masu sayar da waya a duniya ya ga kasuwarsa a wajen China ta zube, duk da cewa wayoyin ba su rage kyau ba. Ya koma gina tsarinsa na kansa, HarmonyOS.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Asusun banki, cinikin da ake ƙullawa ta WhatsApp, takardun ofis da hotunan iyali duk suna zaune a kan tsarin kamfanoni biyu na ƙasa ɗaya, kuma su ke yanke wace manhaja za ta shiga, da kason da za a cire daga cinikinta. Huawei yana da dubban injiniyoyi da kasuwar China da zai jingina da ita lokacin da aka rufe masa ƙofa. Mai shago a Kantin Kwari ko ma'aikacin banki a Maraɗi ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun.