Labaran Diflomasiyya da Koyon Kalmomin Turanci

Masana koyon harshe sun daɗe da gane cewa kalma ba ta zama a kai don an haddace ta sau ɗaya. Sai mai koyo ya yi ta cin karo da ita cikin zancen da ya san inda ya dosa. A binciken da Paul Nation na Jami'ar Victoria ta Wellington ya wallafa a 2006, ya nuna cewa sai mai karatu ya san kashi 98 cikin 100 na kalmomin shafi zai fahimce shi ba tare da taimako ba, kuma jaridar Turanci na neman tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Adadin kan karya gwiwar ɗalibi. Amma a ganina ɗalibi Bahaushe yana riƙe da wani jari da malamansa ba su cika ƙirgawa ba, wato saninsa da siyasar duniya.

Wannan sani ba daga sama ya faɗo ba. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, na Deutsche Welle a 1963, na Muryar Amurka a 1979, na RFI a 2007. Shekaru fiye da sittin ke nan ana jin labarin duniya a teburin mai shayi da rumfar kasuwa, har kalmomi irin su takunkumi, tsagaita wuta, kujerar naƙi da ƙudurin Kwamitin Sulhu suka zama 'yan gida. Dattijon da bai taɓa shiga aji ba zai iya lissafo maka ƙasashe 5 masu kujerar dindindin a kwamitin: Amurka, Rasha, Sin, Birtaniya da Faransa. Jikansa kuwa, in ya buɗe jaridar Turanci, rabin aikin ya riga ya ƙare: ma'anar tana kansa, sunanta a sabon harshe kawai yake nema.

Dalili na biyu ya fi ƙarfi. Rikicin diflomasiyya ba ya ƙarewa a rana ɗaya. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakoki, aka yanke wutar lantarkin da Nijeriya ke bai wa Nijar, ba a sassauta ba sai a Fabrairu 2024. Watanni ana maimaita kalmomi iri ɗaya: wa'adi, shiga tsakani, tawaga, ficewa, riƙon ƙwarya. Ɗalibin Jibiya ko Illela ya ga tasirinsu a farashin kayan abinci kafin ya gan su a takarda. Wannan shi ne abin da masanin koyon harshe Stephen Krashen ya ba da shawara a kai, cewa mai koyo ya tsaya kan batu ɗaya ya yi ta karantawa, domin maimaicin ya zo da kansa. Muryar Amurka ma ta fara watsa labarai da sauƙaƙƙen Turanci a 1959, da kalmomi kimanin 1,500, ana karantawa a hankali.

Sai dai harshen diflomasiyya yana da ɓoye, kuma a nan ne jerin kalmomi da fassararsu ke yaudara. Jakadu kan zaɓi kalma don ta ɗauki fuska biyu. Ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 242 na Nuwamba 1967 ya nemi Isra'ila ta janye daga yankunan da ta mamaye, amma rashin ƙaramar kalmar "the" a rubutun Turanci ya sa har yau ana gardama ko duka yankunan ake nufi ko wasu. Haka kuma wanda wannan kafar labarai ta kira ɗan tawaye, waccan za ta kira shi ɗan gwagwarmaya. Ɗalibin da ya haddace ma'ana guda ya wuce, ya ɗauki ra'ayin kafar tare da kalmar bai sani ba. Kuma labarai ba za su koya masa Turancin asibiti ko na hira ba; wannan sai a wani wurin.

Saboda haka aikin na malami ne. Ya zaɓi rikici ɗaya da ɗalibai suka sani, su saurare shi da Hausa da safe, su karanta shi da Turanci daga kafofi biyu masu bambancin ra'ayi, su rubuta kowace sabuwar kalma cikin jimlar da ta zo, tare da abokan tafiyarta. Wayar hannu da rediyo sun isa. Ina kira ga malaman Turanci na sakandare da kwalejojin ilimi su ware darasi ɗaya a mako don wannan, su bi labari guda har ƙarshen zango.